Sharhi: Cututtukan ɓargo a jikin yara da doguwar hanyar da ke tsakanin Minna da ɗakin dashe

A watan Satumbar 2024 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, tare da haɗin gwiwar Gidauniyar Sikila ta Najeriya, ya yi wa marasa lafiya biyu dashen ɓargo, ɗaya yaro ɗaya babba, dukansu masu fama da amosanin jini. Labarin ya faranta ran iyaye da dama, domin shekaru 13 ke nan tun da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ya yi irin wannan aiki karo na farko a ƙasar nan, a 2011, ƙarƙashin jagorancin Dakta Nosakhare Bazuaye, inda aka yi wa wani yaro ɗan shekara bakwai dashe da ɓargon ɗan'uwansa. Daga baya shirin na Benin ya yi tafiyar hawainiya, masu hali kuma suka ci gaba da nufar Indiya da wasu ƙasashe.

To amma dashe shi ne matakin ƙarshe na tsani mai hawa da yawa. Kafin yaro ya isa ɗakin dashe sai an gano cewa ɓargonsa ne ya samu matsala, sai an san wace irin matsala ce, sannan sai an raya shi da jini mai tsafta har zuwa ranar aikin. A waɗannan matakai na farko ne makomar yaro daga Chanchaga, ko Kontagora, ko Agwara ke yankewa, kuma su ne ba a cika ambata ba idan ana murnar nasarorin manyan asibitoci.

Masana'antar jini

Ɓargo shi ne masana'antar jinin ɗan Adam. A cikin ƙasusuwa, musamman na ƙugu da ƙirji da gadon baya, akwai ƙwayoyin asali waɗanda daga gare su ake samun nau'o'in ƙwayoyin jini guda uku. Jajayen ƙwayoyi su ke kai iska ga sassan jiki, kuma kowace kan yi kimanin kwana 120 kafin ta mutu. Fararen ƙwayoyi su ne dakarun da ke yaƙar cuta. Na ukun su ne 'yan ƙananan ƙwayoyin da ke daskarar da jini idan an ji rauni, waɗanda ba su wuce kwana 10 a raye. Da yake dukansu mutuwa suke yi a kullum, dole ɓargo ya riƙa maye gurbinsu ba dare ba rana.

Daga nan ake fahimtar alamomin cutar. Idan jajayen suka yi ƙaranci, yaro zai ɗashe, ya riƙa haki da kasala. Idan fararen ne, zazzaɓi da gyambon baki da ciwon huhu za su riƙa dawowa. Idan kuwa masu daskarar da jini ne suka ragu, sai a ga haɓo, da jini a dasashi, da ɗigo-ɗigon ja a fata ko a cikin baki. Haɗuwar biyu ko uku daga cikin waɗannan a jikin yaro guda ita ce babbar alamar cewa matsalar daga tushe take.

Cututtukan da ke jawo haka iri-iri ne. Akwai gazawar ɓargo da yaro ke kamuwa da ita bayan an haife shi lafiya, wadda a mafi yawan lokuta garkuwar jikinsa ce ke juyowa ta afka wa ƙwayoyin asali. A Turai da Arewacin Amurka ana samun kimanin mutum biyu cikin miliyan a shekara, a gabashin Asiya kuma adadin ya ninka haka sau biyu zuwa uku. Akwai kuma waɗanda ake gado. Cutar Fanconi, wadda likitan yara ɗan ƙasar Suwizalan Guido Fanconi ya bayyana a 1927, kan zo da gajarta, da tabo a fata, da nakasar babban yatsan hannu, kafin ɓargon ya fara gazawa a shekarun ƙuruciya. Cutar Diamond-Blackfan, wadda aka yi wa cikakken bayani a 1938, jajayen ƙwayoyi kaɗai take shafa, kuma yawanci tana bayyana kafin jariri ya cika shekara. Sai kuma sankarar jini, inda gurɓatattun fararen ƙwayoyi ke cika ɓargo har su hana na kirki fitowa. Ita ce sankarar da ta fi yawa a tsakanin yaran duniya.

Yadda cutar ke ɓuya

Babbar matsalar gano waɗannan cututtuka a ƙasa irin tamu ita ce sun yi kama da cututtukan da aka saba gani. Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya na nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke. Don haka ma'aikacin lafiya da aka kawo wa yaro ɗasasshe mai zazzaɓi a lokacin damina yana da hujja idan ya fara zargin maleriya, kuma sau da yawa zarginsa daidai ne. Haɗarin yana cikin cewa yaro na iya ɗauke da maleriya da kuma ciwon ɓargo a lokaci guda. Gwaji ya nuna maleriya, a ba da magani, a ƙara jini, yaro ya ɗan murmure a sallame shi. Bayan makonni kaɗan a sake dawo da shi, wataƙila wani asibitin daban da ba shi da labarin zuwan farko.

Amosanin jini ma kan rufe idon mai bincike. Kimanin jarirai 150,000 ake haifa da sikila duk shekara a Najeriya, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na al'umma na ɗauke da ƙwayar gadonta. Jajayen ƙwayoyin mai sikila kwana 10 zuwa 20 kawai suke yi, saboda haka ɓargonsa kullum cikin aikin gaggawa yake. Akwai wata ƙwayar bairos da likitoci ke kira Farbo B19, wadda kan tsayar da samar da jajayen ƙwayoyi na kimanin mako guda zuwa kwana 10. Yaro mai lafiya ba zai ma san an yi ba, amma mai sikila jininsa na iya faɗuwa ƙasa warwas cikin 'yan kwanaki. Wannan gazawa ta ɗan lokaci ce: idan aka ƙara jini a kan kari, ɓargon kan farfaɗo da kansa. Iyayen da suka san haka ba za su tsaya jira a gida ba idan suka ga tafin hannu da cikin idon ɗansu sun yi fari fiye da yadda suka saba gani.

Jihar Neja tana da nata ƙarin dalilin yin hattara. A watan Mayun 2015 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta sanar da mutuwar yara 28 sakamakon gubar dalma a ƙauyukan ƙaramar hukumar Rafi, inda ake haƙar zinare da hannu, shekaru biyar bayan irin wannan masifa ta halaka ɗaruruwan yara a Zamfara. Dalma tana hana ɓargo haɗa sinadarin da ke ba jini launin ja, baya ga illar da take yi wa ƙwaƙwalwa. Har yanzu ana haƙar ma'adinai a sassan jihar, don haka tambayar sana'ar gidan da yaro ya fito wani ɓangare ne na bincike. Haka kuma sinadarin benzin da ke cikin man fetur, da maganin kuloramfenikol, an daɗe da sanin alaƙarsu da gazawar ɓargo. Yaron da ke ɗura fetur a galan a bakin titi, da wanda ake saya wa maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis ba tare da takardar likita ba, duk suna cikin haɗarin da za a iya kauce masa.

Gwajin da ke raba gardama

Matakin farko na gano ciwon ɓargo ba ya buƙatar na'urar da ta fi ƙarfin babban asibitin jiha. Cikakken ƙidayar jini, wadda ke nuna adadin nau'o'in ƙwayoyin uku, ita ce mabuɗi. A wurare da yawa ana tsayawa ne a gwajin yawan jini kawai, wanda ke nuna ko yaro na buƙatar ƙari, amma ba ya faɗin komai game da fararen ƙwayoyi da masu daskarar da jini. Bayan ƙidaya sai shimfiɗa ɗigon jini a kan gilashi a duba da madubin likita, aikin da ƙwararren ma'aikacin ɗakin gwaji zai iya hango sankarar jini da shi.

Idan zargi ya yi ƙarfi, sai a ɗebi ɓargon kansa da allura ta musamman daga bayan ƙashin ƙugu, bayan an kashe zafin wurin. Iyaye da yawa kan tsorata da jin haka, suna zaton za a taɓa lakar baya ko yaro zai gurgunce. Allurar ba ta kusantar laka, kuma ɗan abin da aka ɗiba jiki na mayar da shi cikin ƙanƙanen lokaci. Wannan gwaji ne ke bambanta ɓargon da ya zama fanko da wanda sankara ta cika, cututtuka biyu masu alamomi iri ɗaya da magani mabambanci. Cutar Fanconi kuma tana da nata gwajin na duba saurin karyewar ƙwayoyin gado, kuma saninta kafin dashe wajibi ne, domin magungunan da ake ba sauran marasa lafiya kafin dashe na iya halaka mai wannan cuta idan ba a rage ƙarfinsu ba.

Abubuwa biyu da ake yi da kyakkyawar niyya kan ɓata wannan bincike. Na farko shi ne ƙarin jini kafin a ɗebi samfur, domin jinin wani ya gauraya da na yaron. Idan rai na cikin haɗari ba a jinkirta ƙarin jini, amma ɗibar samfur kafin a ɗaura leda minti kaɗan yake ci. Na biyu shi ne magungunan sitiroyid irin su firedinisolon da deksametason, waɗanda ake samu cikin sauƙi a kemis. Suna iya danne sankarar jini na ɗan lokaci har gwaji ya kasa ganinta, sannan ta dawo da wuyar magani. Haka nan asfirin da dangoginsa na ƙara zubar jini ga yaron da ƙwayoyin daskarar da jininsa suka ragu, kuma tsaga ko cire beli ko kaciya a irin wannan hali na iya jawo zubar jinin da wanzami ba zai iya tsayarwa ba.

Jinin dangi

A nan ne tsarinmu na samar da jini ke cin karo da ƙa'idar likitanci. A yawancin asibitocin ƙasar nan, idan mara lafiya na buƙatar jini, 'yan uwa ake cewa su kawo mai bayarwa. Hukumar kula da ayyukan jini ta ƙasa, wadda aka sanya hannu a kan dokarta a 2021, ta sha bayyana cewa abin da ake tarawa a shekara bai kai rabin abin da ake buƙata ba, kuma masu bayarwa don raɗin kansu su ne 'yan tsiraru.

Ga yaron da ake sa ran yi wa dashe, ƙa'ida ita ce a guji ƙara masa jinin danginsa na kusa. Dalili shi ne garkuwar jikinsa na iya haddace alamomin da ke jikin ƙwayoyin dangin, ta yadda ranar da aka dasa masa ɓargon wansa ko ƙanwarsa sai jikin ya ƙi karɓa. Yawan ƙarin jini ma, ko daga wa ya fito, yana ƙara wannan haɗari, yana kuma tara sinadarin ƙarfe a zuciya da hanta har sai an nemi maganin fitar da shi. Ke nan uban da ya miƙa hannu don ceton ɗansa yana iya rage masa damar warkewa ba tare da ya sani ba. Maganin wannan shi ne ma'ajiyar jini mai dogaro da masu bayarwa na sa-kai, wadda ke iya raba jini zuwa sassansa, domin yaron da ke haɓo ƙwayoyin daskarar da jini yake buƙata, su kuwa kwana biyar kawai suke yi a ajiye.

Magani da tsadarsa

Ilimin warkar da waɗannan cututtuka ya yi nisa. Likitan Amurka Donnall Thomas ya samu kyautar Nobel a 1990 saboda aikinsa a kan dashen ɓargo. A 1988 a birnin Paris Farfesa Eliane Gluckman ta jagoranci dashen farko da aka yi da jinin cibiya, kuma wanda aka yi wa yaro ne mai cutar Fanconi. A yau, yaro mai tsananin gazawar ɓargo da ya samu ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya wanda ƙwayoyinsu suka dace, damar rayuwarsa a manyan cibiyoyi ta kai kusan kashi 90 cikin 100. Yiwuwar dacewar kowane ɗan'uwa ɗaya cikin huɗu ce, abin da ke nufin yawan 'ya'ya a gidajenmu wata dama ce. Wanda bai samu ba kuma akan ba shi magungunan danne garkuwa, wato ATG da saikulosforin, waɗanda kimanin biyu cikin uku ke amfana da su. Neman mai bayarwa daga waje ya fi wuya ga baƙar fata, domin 'yan Afirka kaɗan ne a rajistocin duniya, dalilin da ya sa aka kafa rajistar masu ba da ɓargo ta Najeriya a Enugu a 2012.

Mafi yawan yaran da ke da sankarar jini ba su ma buƙatar dashe. Magunguna ne na tsawon shekara biyu zuwa uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu sankara na warkewa a ƙasashe masu arziki, alhali a ƙasashe matalauta da dama ba su kai kashi 30 ba, shi ya sa a 2018 ta ƙaddamar da shirin kai adadin zuwa aƙalla kashi 60 nan da 2030. Abin da ke haddasa wannan tazara sananne ne: jinkirin ganowa, da yankewar magani, da iyayen da kuɗi ke ƙare musu a tsakiyar hanya.

A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita. Asusun tallafa wa masu sankara da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2021 ya soma ne da sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, dukansu cututtukan manya. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, ta kuma tanadi asusun marasa galihu, amma aiwatarwa ita ce ma'auni. Sabon maganin gyaran ƙwayoyin gado na sikila, Casgevy, wanda Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, an sa masa farashin dala miliyan 2.2 ga mutum guda. Ga kuma ƙarancin ma'aikata: a 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce kimanin likitoci 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun nan.

Darasi daga Kano da Gwagwalada

Duk da haka akwai shaidar cewa ana iya samun ci gaba da abin da ke hannu. A Kano, likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Asibitin Murtala Muhammad, tare da abokan aikinsu na Kaduna da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun gudanar da bincike a kan yara 220 masu sikila da na'urar duba jijiyoyin kai ta nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa maganin haidiroksiyuriya, ko da a ƙaramin awo, yana ba su kariya, a maimakon ƙarin jini na wata-wata da ake yi a ƙasashen Yamma wanda ya fi ƙarfin yawancin iyaye a nan. A Gwagwalada kuma, Farfesa Obiageli Nnodu ta Jami'ar Abuja da tawagarta sun nuna cewa ana iya gwada jarirai don gano sikila a wurin allurar rigakafi da ɗan kati mai ba da sakamako nan take. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta haɗa da jinsin jini.

Ya kamata a lura cewa gwajin AA da AS ba ya gano cutar Fanconi. Amma da yake ita ma sai uwa da uba duka sun ɗauki ƙwayarta, auren zumunci na ƙara yiwuwar haɗuwarta. Iyalin da suka taɓa rasa yaro saboda ƙarancin jinin da ba a san dalilinsa ba, ya dace su shaida wa likita idan wani yaron ya fara nuna irin alamomin.

Abin da ke gaban Neja

Neja ita ce jiha mafi faɗin ƙasa a Najeriya, da ƙananan hukumomi 25. Manyan wuraren da ake tura marasa lafiya sun haɗa da Babban Asibitin Minna, da Asibitin Ƙwararru na IBB da ke Chanchaga, da Asibitin Mata da Jarirai na Jummai Babangida Aliyu, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Bida. Daga nan sai Gwagwalada, ko Asibitin Ƙasa na Abuja, ko Shika a Zariya. Ga iyalin da ke Borgu ko Rijau, ko waɗanda rashin tsaro ya raba da gidajensu a Shiroro da Munya, isa Minna kaɗai babban aiki ne, don haka kowace tafiya tilas ta zama mai amfani.

Jiha ba ta buƙatar fara gina ɗakin dashe kafin ta ceci waɗannan yara. Abin da ke cikin ikonta shi ne ta kafa ƙa'ida a rubuce cewa duk yaron da aka ƙara wa jini sau biyu cikin 'yan watanni, ko ya haɗa ɗashewa da zubar jini, a yi masa cikakken ƙidayar jini a tura shi gaba da takardar tarihinsa. Tana iya tabbatar da cewa na'urorin ƙidaya a manyan asibitoci suna da sinadaran aiki da wutar lantarki, ta kuma ƙulla yarjejeniya da asibitocin koyarwa ta yadda samfur ko hotonsa zai yi tafiya a madadin yaro. Tana iya shigar da waɗannan gwaje-gwaje cikin abin da inshorar lafiya ta jiha ke biya, ta kuma buɗe rajistar yaran da aka gano, domin kasafi ba ya tunawa da wanda ba a ƙidaya ba. Ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, da masallatai da majami'u da ƙungiyoyin matasa, rumbu ne na masu ba da jini na sa-kai idan aka tsara su, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Waɗannan matakai ba na masu cutar da ba kasafai ake gani ba ne kaɗai. Na'urar da ke gano gazawar ɓargo ita ce ke lura da mai sikila da ke shan haidiroksiyuriya, ma'ajiyar jinin da ke raya mai sankara kuma ita ce ke ceton mai haihuwa da jini ya ɓalle mata. A ranar 19 ga Yuni na kowace shekara ana jawabai don tunawa da masu sikila, a ranar 15 ga Fabrairu kuma don yara masu sankara. Abin da iyaye a Chanchaga za su auna waɗannan jawabai da shi shi ne ko yaron da aka kawo karo na biyu da jini a dasashi zai bar asibiti da sakamakon ƙidayar jini da takardar turawa a hannun mahaifiyarsa.